Chuck ya tafi tun 2001 amma Death ba ta bar kunnena ba

Jiya da daddare an ɗauke wuta ina kwance da iyafis a kunne, ƙanina ya shigo neman caja, kawai sai ya zare guda ɗaya ya sa a nasa kunnen, ko minti ɗaya bai yi ba ya cire yana cewa "Yaya wannan ai ihu ne kawai, me kake ji a ciki?" Ban ga laifinsa ba, haka kowa yake cewa ranar farko. Na ce masa ya zauna ya manta da muryar tukuna ya bi gitar da gangar kawai. Ya zauna kuwa, har waƙar ta ƙare bai tashi ba.

Abin da nake ji kundin Symbolic ne na ƙungiyar Death, wanda ya fito a 1995. Ƙungiyar ta Florida ce a Amurka, wani yaro Chuck Schuldiner ya kafa ta a 1983 yana ɗan shekara 16, da farko sunanta Mantas kafin a mayar da shi Death a 1984. Kundinsu na farko Scream Bloody Gore ya fito a 1987, kuma har gobe in aka zauna gardamar wa ya fara kiɗan death metal, wato wannan kiɗan gita mai tsawa da ƙaraji, to tsakanin su da ƙungiyar Possessed ta Kalifoniya ake ja. Kundi bakwai suka yi, na ƙarshe a 1998. A 1999 likitoci suka gano Chuck na da kansar ƙwaƙwalwa, ya mutu ranar 13 ga Disamba 2001 yana da shekara 34. Daga ranar ƙungiya ta ƙare, don dama shi ne ita, sauran makaɗan zuwa suke su tafi, kusan kowane kundi da sabbin mutane.

To me ya bari? Ni dai a ganina babban gadonsa shi ne ya nuna cewa wannan kiɗan mai tsawa da ƙaraji zai iya ɗaukar tunani. Lokacin da ya fara, shi ma waƙoƙinsa na jini ne da gawa da finafinan ban tsoro kamar na kowa a lokacin, amma daga wajen 1990 sai ya juya, ya koma magana a kan cin amana da munafunci da masu damfarar mutane da sunan warkarwa da yadda mutum yake kewar yarintarsa. Har tambarin ƙungiyar ya gyara, ya cire juyayyen kuros ɗin da ke ciki don ba ya so a dinga jingina shi da abin da ba shi ne a ransa ba. Wannan ya min daɗi sosai wallahi, saboda mutane da sun ji sunan Death shikenan sun yanke hukunci, alhali mutumin nan mai son kuliyoyi da karnuka da girki ne, kuma yana ɗan shekara 9 yayansa ya mutu, iyayensa suka saya masa gita don ya samu abin da zai rage masa baƙin ciki. In ka san wannan sai ka ji kukan gitarsa daban.

Sai kuma hannu. Kundin Human na 1991 shi ne inda abin ya canza gaba ɗaya, ya ɗauko mai ganga Sean Reinert da mai gita Paul Masvidal daga ƙungiyar Cynic, ga Steve DiGiorgio da gitarsa ta bes mai kaurin sauti da ke zamewa ƙarƙashin kiɗan kamar ruwa, aka ɗauka a situdiyon Morrisound da ke Tampa inda kusan duk manyan ƙungiyoyin Florida na lokacin suka bi. Reinert yana bugun ganga kamar mai kiɗan jaz amma da gudu na fitar hankali, kiɗa yana tafiya sai ya karya ya sake wani taku ba tare da ka ji an yi tuntuɓe ba. Duk ƙungiyoyin yau masu kiɗan nan mai sarƙaƙiya, ko sun faɗa ko ba su faɗa ba, akwai ɗigon wannan kundin a jikinsu. Shi ma Reinert ɗin ya mutu a Janairun 2020.

Abin da ke min ciwo shi ne yadda ƙarshensa ya kasance. Mutumin da duniyar metal ke kira uban wannan kiɗa, da ciwo ya zo kuɗin tiyata ya gagari iyalinsa, sai da aka yi ta gwanjon kaya da wasanni ana tara masa. Shi ya sa da tsofaffin makaɗansa suka haɗu a 2012 da sunan Death to All suka zaga Amurka, suka haɗa abin da tallafa wa gidauniyar da ke taimakon mawaƙa marasa lafiya, na ji sun yi daidai. Wasu suna cewa ai cin kasuwa ne da sunan mamaci, babu Chuck babu Death. Na fahimce su, amma ni ban yarda ba. Mu ma nan in shugaban makaɗa ya kwanta dama ai 'yan amshinsa ba sa zubar da ganguna, su suka san takun, in ba su buga ba wa zai buga? Mai ganga Gene Hoglan da DiGiorgio da hannunsu aka yi waɗannan kundaye, suna da haƙƙi a ciki, kuma ba su taɓa cewa su ne Death ba. Akwai ma ƙungiyar Gruesome da aka kafa a 2014 takanas don yin sababbin waƙoƙi a salon Death, ga kamfanin Relapse da ya sake fitar da tsofaffin kundayen da sauti mai tsabta, ta nan ne da yawanmu muka same su a intanet.

Abu ɗaya dai ya tsaya min a rai. Kafin ciwon ya ci ƙarfinsa Chuck ya riga ya karkata zuwa wata ƙungiyar, Control Denied, inda ya bar wa wani rera waƙa da murya mai zaƙi shi ya riƙe gitarsa kawai. Sun fitar da kundi ɗaya a 1999, ya fara ɗaukar na biyu yana jinya, an ɗauki ganga da gitarsa, sai rai ya yi halinsa. Aka yi ta rigima kan haƙƙin mallaka shekara da shekaru, har yau kundin bai fito a kammale ba. Ina yawan tunanin ina ya dosa da kiɗan nan.

Da safe ƙanina ya turo min saƙo wai in tura masa wadda muka ji jiya. Na tura masa kundin gaba ɗaya, na ce ya fara da waƙa ta farko kar ya tsallake.