Makonni 16 na farko a rayuwar kwikwiyona

Kwikwiyon da na karɓo domin gadin gida yana da mako bakwai a duniya ranar da na kai shi wurin likitan dabbobi, kuma a ranar na fahimci cewa allura ɗaya ba ta wadatar. Likitan ya bayyana mini cewa kwikwiyo yana samun kariya daga dakashin uwarsa, sai dai kariyar tana raguwa a hankali, kuma muddin tana da sauran ƙarfi tana iya hana allurar rigakafi yin aiki. Tunda ba a san ranar da za ta ƙare a jikin kowane kwikwiyo ba, sai a fara allura tsakanin mako 6 da 8, a riƙa maimaitawa bayan mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. Ta ciwon haukan kare daban take, ana yin ta idan ya cika wata uku.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne cutar zawon jini da likitoci ke kira farbo, wadda ta bayyana a tsakanin karnuka a shekarar 1978. Tana yaɗuwa ta kashin karen da ya kamu, ƙwayarta tana iya yin watanni a cikin ƙasa ba ta mutu ba, kuma mutum yana iya kwaso ta a tafin takalminsa ya kai ta tsakar gidansa. Kwikwiyon da ya kamu yakan daina cin abinci, ya yi ta amai da zawo mai jini, kuma idan ba a gaggauta yi masa ƙarin ruwa ba, kwanaki kaɗan sun isa a rasa shi.

Da na faɗa wa wani maƙwabcina wannan, sai ya ce abin mai sauƙi ne, in kulle shi a keji kada ya ga kowa, ta haka ya tsira daga cuta kuma ya tashi da zafi. Mutane da yawa haka suke yi, amma ban yarda da shawarar ba. Tsakanin mako 3 da wajen mako 14 ne kwikwiyo yake koyon abin da ya kamata ya saba da shi, kuma wanda ya wuce wannan lokacin a kulle yakan tashi matsoraci. Karen da tsoro ya cika shi ba ya bambanta ɓarawo da ɗan maƙwabci da aka aiko, kowa ya matso sai ya kai masa cizo. Ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka ta fitar da matsaya a 2008 cewa kwikwiyo zai iya fara cuɗanya da 'yan uwansa tun yana mako 7 ko 8, idan an yi masa allurar farko da kwana bakwai kuma an ba shi maganin tsutsar ciki. Sai dai su suna magana ne a kan ɗakunan horo da ake wankewa, ba layinmu da karnuka marasa rigakafi suke kwana a bakin bola ba.

Saboda haka sai na raba abin biyu: idonsa da kunnensa su fita, ƙafarsa kuwa kada ta taɓa ƙasar waje. Da yamma nakan sa shi a kwando in zauna a ƙofar gida, ya ji ƙarar babura da janareta, ya ga 'yan ga-ruwa da masu talla da awaki. Yaran gida da baƙi sukan yi wasa da shi bayan sun wanke hannu, takalma kuma a zaure ake barin su. Kwanonsa da simintin da yake kwana nakan wanke da ruwan bilic, kashi 1 cikin kashi 30 na ruwa, domin sabulu kaɗai ba ya kashe ƙwayar. Kare ɗaya na yarda ya shigo, na wani abokina wanda na ga katin rigakafinsa da idona.

An yi masa allurar ƙarshe yana mako 16, likitan ya ce in ƙara mako biyu kafin in sauke shi a titi. Ranar da muka fita, wani babur ya wuce kusa da mu da gudu, ya ɗaga kai ya dube shi, sannan ya ci gaba da shinshinar gindin dogonyaro.