Yadda manyan jami'o'in Amurka ke auna nauyin darussan sakandare

Akwai tambayar da iyaye da ɗalibai ba sa gajiya da yi wa jami'an ɗaukar ɗalibai a Amurka: wanne ya fi, a ci A a darasi na gama-gari ko a ci B a darasin AP, wato darasin matakin jami'a da ake koyarwa a sakandare? Amsar da aka saba ba su cikin raha ita ce a ci A a darasin AP. Raha ce, amma ba ta yi nisa da gaskiya ba a jami'o'in da ke ɗaukar ƙasa da mutum goma cikin kowane ɗari. Abin da raharsu ba ta faɗa ba shi ne ma'aunin da ake gwada nauyin da shi. Ba adadin darussan AP ake ƙirgawa a gwada da na ɗaliban ƙasar baki ɗaya ba. Ana gwada ɗalibi ne da abin da makarantarsa ta shimfiɗa masa, a ga nawa ya ɗauka, nawa ya kauce wa.

Takardu uku ne ke gaban mai tantancewa idan ya zo wannan gaɓa. Ta farko takardar sakamako ce, daga aji na 9 zuwa na 12, wato shekaru huɗu na sakandare, darasi bayan darasi. Ta biyu taƙaitaccen bayanin makarantar ne, shafi ɗaya ko biyu da makarantar ke rubutawa game da kanta: darussan AP nawa take koyarwa, ko tana da tsarin IB, wani tsarin manyan darussa na ƙasa da ƙasa, ko ta ƙayyade yawan manyan darussan da ɗalibi zai ɗauka a shekara, yadda makin ɗalibanta ya rarrabu. Ta uku rahoton malamin shawara ne, wato malamin makarantar da ke ba ɗalibai shawara kan neman jami'a. A fom ɗin Common App, wanda ake neman gurbi da shi a jami'o'i da yawa, akwai wurin da malamin zai zaɓi ɗaya cikin mataki biyar game da darussan da ɗalibin ya ɗauka idan aka kwatanta shi da 'yan ajinsa: mafi tsauri, mai tsauri sosai, mai tsauri, matsakaici, ko ƙasa da matsakaici. Ɗalibai da yawa ba su ma san da wannan akwati ba, alhali yana da sauƙi tun a aji na 10 yaro ya je ya tambayi malamin kai tsaye wane jerin darussa ne ke kai mutum mataki na farko a wannan makaranta. Amsar ta bambanta daga makaranta zuwa makaranta. Wanda ya yi AP uku a inda uku kaɗai ake koyarwa ya cinye abin da aka ba shi. Wanda ya yi biyar a inda ake koyar da ashirin kuma takwarorinsa ke yin goma, shi ne ke da bayanin da zai yi.

Ana fara duba ginshiƙai biyar: Turanci, lissafi, kimiyya, tarihi da nazarin zamantakewa, sai harshen waje. Jami'o'in da suka fi tsauri suna son ganin shekara huɗu a kowanne, ko kusa da haka, ko da abin da suka rubuta a matsayin mafi ƙaranci bai kai nan ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ajiye harshen waje bayan shekara biyu, ko a tsallake fiziks don tsoron maki, a cike gurbin da wani darasin AP da kowa ya san ba shi da wuya. Lakabin AP iri ɗaya ne a takarda, amma mai tantancewa da ya karanta dubban irin waɗannan takardu ya san AP na kemistiri da kalkulas, wato lissafi mai zurfi, ba ɗaya suke da AP na nazarin halayyar ɗan Adam ba.

Lissafi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin a nan ne ake yanke hukunci tun yaro bai san ana yankewa ba. Tsanin da aka saba bi shi ne aljabra ta ɗaya, jometiri, aljabra ta biyu, share fagen kalkulas, sannan kalkulas, kowanne shekara guda. Matakai biyar ke nan, shekarun sakandare kuwa huɗu. Ma'ana, wanda bai yi aljabra ta ɗaya a aji na 8 ba, yana ɗan shekara 13 ko makamancin haka, ba zai kai kalkulas kafin ya gama ba sai ya yi dabara: ya haɗa jometiri da aljabra ta biyu a shekara ɗaya, ko ya yi ɗaya a lokacin hutun bazara, ko ya yi rajista a kwalejin yankinsa yana sakandare. Ga mai neman injiniya ko kimiyyar kwamfuta wannan ba ƙaramin abu ba ne. Jami'ar Caltech ta daɗe tana sharɗanta kalkulas da fiziks da kemistiri, sai a 2023 ta buɗe ƙofa ga wanda makarantarsa ba ta koyar da su ya nuna ƙwarewarsa ta wata hanya, ciki har da darussan intanet na Khan Academy da jarrabawa a kansu. A lura, sassaucin na wanda ba a ba shi damar ba ne, ba na wanda ya gan ta ya kauce ba.

Matsakaicin maki, wato GPA, yana yawan ruɗa mutane. Makarantu da yawa suna ba A a darasin AP maki 5 maimakon 4, wasu rabin maki suke ƙarawa, wasu ba sa ƙara komai. Shi ya sa 4.3 ta wannan makaranta ba ta da ma'ana a waccan, kuma jami'o'i da dama ke sake lissafa nasu ko su bar lambar su karanta takardar layi-layi. Jami'ar Kalifoniya ta bayyana nata tsarin a fili: makin aji na 10 da na 11 kawai take lissafawa, ba ta kula da alamar ƙari ko ragi a jikin A ko B, kuma a lissafinta mai iyaka ƙarin maki takwas kaɗai take bayarwa, ɗaya ga kowane zango na babban darasi. A gwada da misali. Ɗalibi mai sakamakon zango 20, duka A, yana da maki 80, a ƙara 8, a raba da 20, ya tashi da 4.4. Wani mai zango 24, shi ma duka A, 96 da 8 a raba da 24, ya tashi da 4.33. Wanda ya fi ɗaukar kaya shi ne lambarsa ta fi ƙasa, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba lambar ake ɗauka a rufe ido ba.

To nawa ne ya isa? Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill ta bincika nata ɗaliban, ta wallafa a 2013 cewa ƙwazon shekarar farko a jami'a yana ƙaruwa da yawan darussan matakin jami'a da mutum ya yi a sakandare har zuwa wajen biyar, daga nan kuma sai ya tsaya. A 2018 wasu makarantun kuɗi takwas na yankin birnin Washington suka sanar da za su daina koyar da AP gaba ɗaya, su koma manyan darussan da suka tsara da kansu. A ganina tseren tara AP goma sha biyar ya fi cutarwa fiye da amfani. B ɗaya ko biyu a darasi mai wuya ba ya kashe takarda. C biyu ko uku a aji na 11 kuwa suna cewa yaron ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa, kuma aji na 11 shi ne cikakkiyar shekara ta ƙarshe da mai tantancewa ke gani, musamman ga masu tura takardu da wuri a farkon Nuwamba. Abin da ake son gani nauyi ne mai hawa a hankali, babban darasi ɗaya ko biyu a aji na 10, uku ko huɗu a na 11 da na 12 idan makarantar na da su, maki kuma bai faɗi ba.

Duk wannan ƙofa kawai yake buɗewa. A shari'ar da aka yi da Harvard kan tsarin ɗaukar ɗalibanta, an nuna cewa cikin kusan mutum 35,000 da suka nemi ajin da ya gama a 2019, sama da 8,000 suna da cikakken GPA, kujerun kuwa wajen 1,600. Ko da jami'ar ta so ta ɗauki masu cikakken maki zalla, sai ta mayar da mafi yawansu gida. Darussa masu nauyi suna sa a ci gaba da karanta takardar mutum, daga nan sai rubutunsa, wasiƙun malamai, abin da ya yi a wajen aji, da bukatun jami'ar a wannan shekara su raba gardama. Wanda ke son sanin matsayin wata jami'a sai ya nemi takardarta ta Common Data Set, inda jami'o'i ke wallafa bayanai game da kansu, ya duba sashen C7, inda nauyin darussan sakandare ne layi na farko, da sashen C5 mai nuna shekarun da take so a kowane darasi.

Aji na 12 shi ne tarkon ƙarshe. Jerin darussan shekarar yana cikin takardar neman gurbi tun kafin maki ya fito, makaranta tana tura rahoton tsakiyar shekara wajen Janairu ko Fabrairu, sannan na ƙarshe bayan an gama. Sakamakon jarrabawar AP da ake yi a Mayu ba ya fitowa sai Yuli, don haka ba ya shiga hukuncin ɗauka, amma makin aji yana shiga. Wanda ya rubuta kalkulas a fom sannan ya ajiye shi a zango na biyu, ya sanar da jami'ar a rubuce kafin ya canza, domin wasiƙar ba da gurbi tana ɗauke da sharaɗin kammala darussan da aka lissafa, kuma ana iya janye ta idan takardar ƙarshe ta saɓa.