Na Ga Zazzaɓin Wata a Arewacin Norway

Ƙanina da ke karatun kiwon kifi a Tromso ne ya matsa mini in zo a watan Janairun 2019. Na ce masa, kai yaro, duk watannin Allah sai tsakiyar hunturu? Ya ce, "Yaya, ranar 21 ga wata za a yi husufi, kuma mu nan gari ba ya gaggawar wayewa."

Hanyar ba ta da wani labari sai na jami'in shige da fice a inda muka yada zango. Ya juya fasfona gaba da baya, ya ce me zan je yi can. Na ce kallon wata. Ya ce, a ƙasarku babu wata ne? Ya buga hatimi ya turo mini fasfon ko kallona bai yi ba.

Tromso tana kimanin kilomita 350 arewa da da'irar Aktik, wato layin da ke zagaye yankin ƙanƙara na can ƙuryar arewacin duniya. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta leƙowa sam, sai wani shuɗin haske da tsakar rana, kafin ka gama cin abinci ya wuce. A irin wannan lokaci Musulmin garin lokutan Makka suke bi wajen salla. Tsada kuwa sai wanda ya gani. Kofin shayi ɗaya, ba burodi ba ƙwai, kurona 40 a lokacin, fiye da naira dubu ɗaya da ɗari biyar a canjin 2019. Na buɗe baki zan ce a rage, ƙanina ya taka mini ƙafa. Ba a ciniki, ba a ma son tsabar kuɗi, kati kawai.

Abin da ya wanke mini garin shi ne tsohuwar da ƙanina ke haya a gidanta. Ina shiga ta ce, "Sannu da zuwa, ina gajiya?" Ashe ta yi aikin jinya a Ngaundere ta Kamaru tun tana budurwa. Ta dubi rigar sanyin da na sayo a Kantin Kwari, ta girgiza kai, ta ɗauko mini kayan ulu da takalman mijinta marigayi. Da ta ga gajimare ya taru a bakin teku, ita da kanta ta tuƙa mu cikin dare zuwa Skibotn, tafiyar wajen awa biyu, wurin da duwatsu ke tare hadari har aka san shi da sararin sama garau. Na ce, Mama, ga kuɗin mai. Ta ce in mayar aljihu.

Da ƙarfe 4:34 na asuba inuwar duniya ta fara cin gefen wata. Allon mota ya nuna 15 ƙasa da sifili, gashin hancina har daskarewa yake. Zuwa 5:41 inuwar ta rufe shi ruf, ya koma ja kamar garwashin da toka ta fara rufewa. Ƙanina ya ce iskar da ta lulluɓe duniya ce ke lanƙwasa hasken rana, ta watsar da shuɗin, jan kaɗai ke isa can. Ƙanƙarar da ɗazu take ƙyalli ta dushe, taurari suka fito fal, can arewa kuma wani koren haske siriri ya ɗan motsa. Minti 62 aka yi a haka.

Sai ga waya daga Kano. Da hunturu agogon Norway da na Najeriya ɗaya ne, don haka Hajiya ma tana tsakar gida tana kallo. Ta bayanta ina jin yaran unguwa da gwangwanaye, da muryar liman daga lasifika. Ta ce hazo ya kusa ɓoye shi, ga shi ya yi ƙasa, gari na shirin wayewa. Mu kuwa yana nan sama da duwatsun yamma, duhu bai da niyyar tafiya. Ta ce, kun yi salla? Na shimfiɗa fatar barewar ƙanƙara da Mama ta kawo don zama, na yi raka'a biyu ni kaɗai, yadda malamanmu na Malikiyya suka koyar a husufin wata.

Akwai wasu motoci a gefenmu, kowa da kyamararsa a kan ƙafa uku. Ba sallama, ba sannu da sanyi, ba wanda ya ce da na kusa da shi kai duba. Wannan shirun bai yi mini ba. Abu irin wannan a gida gari ɗaya ake tashi, har wanda ba ku shiri sai kun yi magana. Sai dai da za su tafi ko takardar alewa ba su bari a ƙasa ba, kuma wannan kam sun fi mu.

Ranar ce kuma mutanen Tromso ke bikin dawowar rana, yara na cin wani burodi mai zaƙi suna shan ruwan cakulan mai zafi. Mama ta ajiye mini biyu, ni barci ya kwashe ni. Washegari muka hau motar igiya zuwa kan dutse, muka leƙa shagon busasshen kifin nan da ake kai wa Najeriya, na ji kuɗinsa na ajiye musu abinsu. Daga nan sai Oslo, sai Abuja, inda na tuɓe rigar sanyi tun a layin ɗaukar kaya.