Yadda na koyi rage ƙyallen jirgi a Kangimi

A Kaduna idan aka ce jirgin ruwa, kwale-kwalen masunta ake nufi, ko na masu ɗibar yashi a kogi. Wanda ake kafa wa dogon ƙarfe a tsakiya, a ɗaura masa ƙyalle iska ta riƙa tura shi, ba kowa ya taɓa gani ido da ido ba. Ni ma albarkacin kawuna na ci. Tsohon sojan ruwa ne, ya yi aiki a Legas, da ya yi ritaya ya dawo da wani ɗan ƙarami mai cin mutum uku. Da mota muke jan sa zuwa dam ɗin Kangimi a ƙaramar hukumar Igabi.

Cikin duk abin da ya koya mini, babu wanda ya fi nanatawa kamar rage babban ƙyalle idan iska ta fara ƙarfi. Dalilinsa lissafi ne. Idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da take danna ƙyalle da shi sau huɗu yake ninkawa. Ƙyallen da ya yi maka daidai da hantsi, iska na gudun kilomita 15 a awa, ya fi ƙarfin jirginka idan ta kai 30. Duk wanda ya taɓa hawa babur da babbar riga ya san ba a jira iska ta cika ta kafin a tattare.

Wata rana cikin hunturu, iskar arewa maso gabas ta tsananta muna tsakiyar ruwa. Kawu bai ce komai ba, ya bar ni da sandar juya jirgi. Sai na ji sandar tana fizgar hannuna, kan jirgin yana ta neman juyawa ya fuskanci iska, gefe ɗaya ya kwanta har ruwa na lasar baki, ga farin kumfa ya fara bayyana a kan igiyar ruwa.

"Ɗana, me jirgin yake gaya maka?"

"Kaya sun yi masa yawa, Kawu."

"To sauke masa."

Aikin yana da tsari, kuma tsarin ba ya son a tsallake. Na karkata kan jirgin kusa da inda iska ke fitowa, na sassauta igiyar da ke jan ƙyallen har ya fara kaɗawa. Kawu ya ɗaure igiyar da ke tallafe sandar da ke kwance a ƙasan ƙyallen don kada ta faɗo mana a ka, sannan ya saki igiyar ɗaga ƙyalle a hankali. Ƙyallen ya sauko har zoben da ke gefensa na gaba ya iso ƙasa, ya maƙala shi a ƙugiya, ya sake jan igiyar sama ta yi tauri. Bayan nan ne ya ja igiyar zoben baya, ƙasan ƙyallen ya miƙe tsaf a kan sanda. Gaba ake fara ɗaurewa, baya ya biyo. In aka juya tsarin, ƙyallen na iya yagewa daga jikin ƙarfen.

Abin da ya rage shi ne rarar da ke lilo a ƙasa. Akwai ’yan gajerun igiyoyi jere a jikin ƙyallen don wannan. Ya naɗe rarar, ya ƙulla su dama kan hagu, hagu kan dama, ƙullin da ke kwancewa da sauƙi ko ya jiƙe. Ya ce in taɓa in ji, sai na ji su sako-sako. Ba su ne ke ɗaukar nauyi ba, zobban nan biyu ne. Wanda ya matse su tamau, ƙyallensa zai tsage a gurbinsu.

Na zaci tafiyar za ta ragu. Ba ta ragu ba. Jirgin ya miƙe tsaye, sandar ta yi laushi a hannuna, muka ci gaba da yanka ruwa ba fargaba. Ashe ƙarfin da muke taƙama da shi a kwantar da jirgi yake ƙarewa, da kuma kokawar da nake yi da sanda. Tun daga nan, idan na ga itatuwan bakin dam suna rangaji, a tudu nake ragewa kafin mu shiga. Kwance ƙulli in iska ta lafa abu ne mai sauƙi, ƙulla shi jirgi na tangaɗi shi ne wahala.

Amma akwai iskar da rage ƙyalle ba ya maganinta. A farkon damina, wajen Afrilu da Mayu, hadari kan haɗo daga gabas, iska ta riga ruwan sama isowa da ƙura da ƙarfin gaske. Da zarar gabas ta yi baƙi, ba ma tsayawa ƙulle-ƙulle. Kowa ya duba rigarsa ta hana nitsewa, mu nufi gaɓa mafi kusa, in kuma ba za mu kai ba, mu sauke ƙyallen gaba ɗaya mu ɗaure shi a jikin sanda.