Makon farko a hostal: gado, kuɗin cizo, wuta da ruwa

Ƙanena, ko ƙanwata, samun gurbin karatu daban, samun wurin kwana daban. A manyan jami'o'in gwamnati irin su ABU Zariya da BUK Kano, ɗalibai sun fi gadaje yawa nesa ba kusa ba. Saboda haka da ka gama biyan kuɗin rajista, ka sa ido kan shafin makaranta don ranar da za a buɗe neman gado. In ka dace, ka ciro lambar biya ta Remita, wato shafin biyan kuɗi na intanet, ka biya a ranar, domin gadon da aka riƙe maka yana da wa'adi, in ya wuce a ba wani. Ka buga rasit da takardar gado kwafi uku-uku, ka kai ofishin hostal a buga maka hatimi. Sayen gado a hannun wani ɗalibi kuwa laifi ne a dokar makaranta, kuma sunan da ke kan takarda ba naka ba ne. Ranar da aka zo bincike, kai ne a waje, kuɗinka kuma ya tafi.

Ranar da aka ba ka makulli, kada ka yi saurin shimfiɗa katifa. Akwai masu ɗakin da suka riga ka, wato kuɗin cizo. Wannan ƙwaro yana iya yin watanni bai sha jini ba, don haka dogon hutu ba ya kashe shi, jira kawai yake yi. Ɗauki tocila ka duba mahaɗar ƙarfen gado, ramukan kusoshi, tsagar bango, bayan soket da ɗinkin tsohuwar katifa. Ɗigo-ɗigon baƙi kamar na tawada kashinsa ne, ƙananan farare kuma ƙwai ne.

A nan mutane ke kuskure. Sai a yi feshi sau ɗaya, a kwana biyu lafiya, bayan mako guda cizo ya dawo, a ce maganin jabu ne. Yawancin magungunan feshi ba sa kashe ƙwai, ƙwan kuma yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10. Dole a maimaita bayan kamar kwana 10 zuwa 14, kuma dukan 'yan ɗaki su yi rana ɗaya, in da hali har da maƙwabta, in ba haka ba ƙaura kawai ƙwaron zai yi ya dawo. Zafi ya fi guba aiki: a fitar da gadon ƙarfe a kwarara tafasasshen ruwa a mahaɗarsa, a jiƙa zannuwan gado a ruwan zafi, a shanya katifa a tsakar rana ana juya ta. Katifar ɗalibi, mai faɗin ƙafa biyu da rabi da tsawon ƙafa 6, gara ka sa a ɗinka mata rigar leda, sai ƙwaro ya rasa maɓoya.

Don Allah a guji zuba piya-piya ko Sniper a ɗakin kwana. Maganin gona ne mai ƙarfi, tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni da kantuna barkatai. Shaƙar sa a rufaffen ɗaki na kawo amai, jiri da sarƙewar numfashi, balle ga mai asma.

Gadon sama ko na ƙasa? Na ƙasa ya fi sauƙin hawa, amma shi ne kujerar duk baƙon da ya shigo. Na sama ya fi sirri, sai dai a watan Afrilu zafin rufi a kanka yake sauka. Kowanne ka samu, ɗaura gidan sauro tun daren farko.

Sai wuta. Soket ɗin bango na amp 13 yana ɗaukar wat 3,000 ne ko kusa da haka. Rishon lantarki kaɗai yana cin 1,000 zuwa 1,500, hitar ruwa kusan 1,000, dutsen guga ma haka. In aka jona ukun a kan waya mai araha mai siririn ƙarfe a ciki, wayar ce za ta fara zafi, roba ta narke, gobara ta tashi. Alamarta warin ƙonanniyar roba ko filogi mai zafi a hannu. Haɗari mafi girma shi ne lokacin ɗauke wuta: mutum ya bar hita a bokiti ya tafi laca, a dawo da wuta ba kowa, ruwa ya ƙone, bokiti ya kama. Da an ɗauke wuta, a zare komai. Hostal da dama sun haramta waɗannan kaya gaba ɗaya, wasu har da tukunyar gas, don haka karanta takardar dokoki kafin ka saya. Lokacin hunturu kuma kada a shigo da kurfoti mai garwashi a rufe taga. Iskar gubar da garwashin gawayi ke fitarwa ba ta da wari, cikin barci take kisa.

Ruwa yana da lokacinsa, yawanci idan an tayar da injin rijiyar burtsatse, kuma ba kasafai yake kai wa benen sama da ƙarfi ba. Tambayi tsofaffin ɗalibai ƙarfe nawa yake zuwa. Bokiti biyu da jarka mai lita 25 sun isa, ka rubuta sunanka da fenti. Ɗebi na safe tun dare, don layin famfo da asuba shi ke sa mutum ya rasa lacar ƙarfe 8, kuma jami'o'i da yawa suna neman halartar kashi 75 cikin ɗari kafin a zauna jarabawa. Ruwan sha a ware shi a mazubi mai murfi. Silifas na banɗaki da buta taka ta kanka, waɗannan ba a aro.

Abinci kada ya wuce na wata guda a lokaci ɗaya: shinkafa kwano biyu, wake kwano ɗaya, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji, taliya, man gyaɗa lita ɗaya. Wake a buhu yana yin ƙwari cikin makonni, gara a shanya shi ya bushe sosai a zuba a jarka a toshe. Komai ya shiga robar da ke rufuwa, don ɓera leda ba ta tsayar da shi. In za ku yi tukunya ɗaya da 'yan ɗaki, ku yanke tun farko wa zai kawo me, wa ke wanke-wanke. Yawancin faɗan ɗaki ba ya wuce cokali, caja da "wa ya taɓa mini madara".

Ɗakin mutum huɗu kan koma na takwas saboda masu raɓawa. Taimako ne, ba a ƙi ba, amma cunkoso a lokacin zafi da ƙura shi ne abin da sanƙarau ke so. A bar tagogi a buɗe. Duk wanda zazzaɓi ya rufe farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, a kai shi asibitin makaranta nan take, ko da ƙarfe 2 na dare ne, ba kemis ba. Shi ya sa katin asibiti yana cikin abin da za ka buɗe a makon farko, kuma ka ajiye shi inda abokin ɗakinka ya san wurin.