Zuwa ga mutanen Damagaram, a kan allurar Inna

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga Liyon ta ƙasar Faransa zuwa ga iyaye da ƴan uwa na Birni da Zango da sauran unguwanni. Ya zafi, ya haƙuri da mu?

Inna, ƙanwar mahaifiyata, ita ta sa na rubuto. Ciwon suga gare ta, ta daɗe tana yi wa kanta allurar insulin. A gindin randa take ajiye kwalbar, cikin jiƙaƙƙen yashi, don wuta ba ta da tabbas. Watan jiya wani saƙon murya ya faɗo mata a WhatsApp, wai Turawa sun koma ƙirƙirar halittu a ɗakin gwaji, kuma da alade ake haɗa maganin. Ta ajiye allura kwana uku ba ta gaya wa kowa ba, sai da jiri ya kayar da ita a bakin murhu. Da na kira, ta ce: "Ɗana, gara ciwon da in sa haram a jikina." Na ce: "Inna, ki ba ni aron kunnenki, wannan aikin da shi nake cin abinci."

Da can, daga jikin alade da shanu ake samo insulin, wannan gaskiya ne. A 1978 masana a Amurka suka ɗauki umarnin da jikin ɗan Adam yake bi ya yi insulin, suka sa shi cikin ƙwayar bakteriya, ta riƙa yin sa da kanta. A 1982 aka ba da izinin sayar da shi. Na sa ƙanena ya karanto mini rubutun kwalbar Inna: irin wannan ne. Ashe ilimin da aka tsorata ta da shi, shi ne ya raba allurarta da alade.

A wurin aikina yis muke kiwo, irin wanda ke kumbura burodi. Da safe ɗakin har ƙamshin kwaɓin fanke yake yi. Muna sauya masa umarni ya samar da wani sinadari, iyakar abin ke nan. Babu mai halittar rai sai Allah. Ko Craig Venter, masanin kimiyya na Amurka da ya yi suna a 2010, da ya haɗa umarnin ƙwayar bakteriya gaba ɗaya da kansa, sai da ya nemi rayayyiyar ƙwaya ya zuba a ciki.

Ban ga laifin mai jin tsoro ba. Wanda ya ji labarin gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 dole ya yi kaffa-kaffa. Kuma abin ya matso kusa. A Burkina Faso an saki sauron da aka sauya wa halitta a ƙauyen Bana a 2019, gwamnati ta dakatar da shirin a Agustan 2025. Najeriya ta amince da waken da aka sauya wa halitta don ya jure tsutsa tun 2019, kuma kun san iri ba ya jiran takardar duwan kafin ya iso Magarya ko Matamai. Wa ke da mallakar irin? Manomi zai iya ajiye na baɗi a rumbunsa? In an samu ɓarna, wa zai biya? Waɗannan tambayoyi namu ne, da Hausa ya kamata a amsa mana su.

Ina roƙon malaman kimiyya na Jami'ar André Salifou su fito gidajen rediyo, su zauna da likitoci da malaman addini, a buɗe layi mutane su kira. Samarin fada kuma, kafin ku tura saƙon murya gaba, ku tambayi wa ya yi shi, ina ya samo maganar.

Inna ta koma kan allurarta, alhamdu lillahi. Ta ce in na zo Babbar Salla in taho da hoton kwalaben yis ɗin nan ta gani da idonta, na kuma yi mata alkawari.

Ɗanku da ke Liyon.