Saƙon Godiya Bayan Ƙaddamar da Littafina

Assalamu alaikum. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, ina miƙa godiyata ga duk waɗanda suka halarci ƙaddamar da littafin tarihin rayuwata ranar Asabar da ta gabata a Gidan Mambayya da ke Gwammaja a Kano, da waɗanda uzuri ya hana su zuwa amma suka aiko da addu'a.

Da yawanku kun san ni ina yaro a finafinan Hausa, zamanin da ake sayar da kaset a kasuwar Ƙofar Wambai, sai dai kaɗan ne suka san cewa kuɗin sallamata hannun mahaifina yake shiga tun ba mu baro lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, ba, kuma duk ranar da na ce makaranta nake son zuwa, bulala ce amsata. Wannan ne littafin ya ƙunsa, tare da shekarun da na yi ina fama da firgita da rashin barci bayan na girma an daina kirana aiki.

Babbar godiyata ga Gwaggona ce, yayar mahaifina, wadda ta ɗauke ni ta mayar da ni makaranta, ta shanye gorin dangi da suka ce ta raba ɗa da ubansa. Gwaggo, ke kika fara gaskata maganata lokacin da kowa ke cewa in yi haƙuri in rufa asiri, Allah Ya saka miki da gidan Aljanna. Ina gode wa malaminmu na Islamiyya, wanda ya karanta rubutun kafin a buga, ya tabbatar mini cewa haƙƙin iyaye yana nan daram, amma 'ya'ya ma amana ne da za a tambayi iyaye a kansu, sannan ya ba ni shawarar sakaya sunaye. Haka nan likitar da ta saurare ni ba tare da gajiyawa ba, a garin da ambaton asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau kaɗai kan sa a yi wa mutum kallon mahaukaci.

Waɗanda suka kira aikin tonon asiri na ji su, kuma ban riƙe su a zuciya ba. Har gobe ina zuwa in durƙusa in gaida mahaifina.

Lauyar da ta yi sharhin littafin ta tunatar da mu cewa Kano ta samu dokar kare yara a 2023, shekara 20 bayan dokar tarayya ta 2003, alhali jihar Kalifoniya ta Amurka tun 1939 take da dokar adana wa ƙananan 'yan fim wani kaso na kuɗinsu. Ina roƙon Hukumar Tace Finafinai da shugabannin masana'antar Kannywood su duba yiwuwar irin wannan tsari, domin har yanzu akwai yaran da ake kaiwa lokeshan a lokacin karatu. Na gode, Allah Ya bar zumunci.